Minzar na babban hanji bayan shekara 45: wa ya kamata ya yi, kuma me ke ɓata shi?

Abu Sadiƙ (Makka):
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a gidan nan, gara a warware ta a huta. Mutum ya haura 45, lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwonsa yana zuwa aikinsa, sai likitan mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ya ce a duba hanjinsa. Wani an ba shi 'yar kwalba ya kawo bayan gida, wani an ce masa sai minzar, wato kolonoskofi. Wanne ne daidai? Kuma mai lafiya me ya kai shi? Likitocinmu, bismillah.

Dakta Abu Hanan (Jidda):
Wa alaikumus salam. Mai lafiyan nan shi ake nema, Abu Sadiƙ. Sankarar babban hanji yawanci ba ta faɗowa daga sama. Tana somawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar wake, ba ciwo, ba alama. Irin tsiron da ake kira adinoma kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma ba kowanne ke rikiɗewa ba. Wannan tazarar ce ake amfani da ita.

Minzar bututu ne mai lanƙwasa, kaurin yatsa, da kyamara da fitila a bakinsa, da wata 'yar kafa da ake zura kayan aiki. Ana shiga ta dubura a bi hanjin, wanda tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi, har tushensa a gefen dama na mara inda ya haɗu da ƙaramin hanji. In an ga tsiro, a nan take ake zarga masa zaren waya a datse shi a kai ɗakin tahalil, wato ɗakin gwaji. Shi ya bambanta shi da sauran gwaje-gwaje: yana gani, yana kuma cirewa a zama ɗaya. In hanji ya fito fes, sai bayan shekara 10.

A Saudiyya, alƙaluman rajistar sankara ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa ita ce ta ɗaya a maza, ta uku a mata bayan ta mama da ta tayiroyid, ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ka'idar ƙasar nan ta 2015 ta ce a fara daga 45. Amurka sai a 2021 kwamitinsu na rigakafi ya sauko daga 50 zuwa 45.

Dakta Ummu Yasir (Madina):
Dakta, ban musa ko ɗaya ba, amma kada mutane su tashi da cewa minzar ne kaɗai hanya. A 2022 aka fitar da sakamakon binciken NordICC da aka yi a Folan da Norwe da Suwidin, mutum sama da 84,000 masu shekara 55 zuwa 64. An gayyaci wasu su yi minzar, an bar wasu. Bayan shekara 10, kamuwa da cutar a cikin waɗanda aka gayyata kashi 0.98 cikin ɗari ne, a waɗanda aka bari 1.20. Ragi ne na kashi 18. A mace-mace kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba, 0.28 da 0.31. Ina abin da ake ta yi wa kirari?

Dakta Abu Hanan (Jidda):
Hajiya Dakta, kin karanta rabin shafi. Cikin waɗanda aka gayyata, kashi 42 ne kawai suka je. Sauran 58 suna gida, amma an lissafa su a sahun masu minzar. Da masu binciken suka yi lissafin yadda zai kasance in kowa ya je, kamuwa ta ragu da kashi 31, mutuwa kuwa da rabi.

Dakta Ummu Yasir (Madina):
Ai hujjata kenan ka faɗa da bakinka. Turawan da aka aika wa takarda har gida, kyauta, fiye da rabinsu sun ƙi. To mutanenmu fa? Direba a Jidda da ba ya samun hutun yini biyu, ko dattijuwa a Shara Mansur da in ka ambaci dubura ta rufe fuska ta tashi? Gwajin FIT, wato na 'yar kwalbar bayan gidan nan, a gida ake yi, minti biyar, ba wankin ciki, ba allurar barci, ba ɗan rakiya. Yana kama kusan uku cikin huɗu na sankarar da ta riga ta fito. Shi ma'aikatar lafiya ke bayarwa a cibiyoyin unguwa a matakin farko, kuma ina ganin sun yi daidai.

Rauninsa ban ɓoye ba. Manyan tsiron da ba su riga sun rikiɗe ba, kusan ɗaya cikin huɗu kawai yake kamawa a gwaji ɗaya, don tsiro ba kullum yake jini ba. Shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara. Wanda ya yi sau ɗaya ya ce ya gama, bai yi komai ba.

Malam Tijjani (ɗakin tahalil, Dammam):
Bari in sa baki a kan FIT, don yawancin ɓacinsa tun kafin ya iso ɗakin gwaji yake faruwa. Abin da yake nema jinin ɗan Adam ne da ido ba ya gani a cikin bayan gida. Ba ruwansa da naman da ka ci. Tsohon gwajin nan na kati shi ne ake hana nama kwana uku, wannan babu haka.

Yadda ake ɗiba: kada bayan gidan ya taɓa ruwan masai ko fitsari. A shimfiɗa takarda ko roba mai tsabta. A goga sandar da ke jikin murfin a wurare daban-daban har tsagin bakinta ya rufu, a mayar a rufe gam. Kada a cika kwalbar, kada a zubar da ruwan cikinta. Mace ba ta yi lokacin al'ada.

Sai babbar matsalarmu a nan, zafi. Zafi yana lalata jinin da ke cikin samfurin, sakamako ya fito lafiya alhali ba lafiya. Kwalbar da ta yini a gaban mota a watan Yuli a Makka, sunanta shara. A kai ta ranar da aka ɗiba. In dole ta kwana, a naɗe ta a leda a sa a firij, ba firiza ba.

Baba Alhaji (Hindawiyya):
'Ya'yana, in tambaya. In an ga jinin, mutum kuwa ya san yana da basir shekara da shekaru, ba sai ya sake gwajin ba ko ya sha maganin basir tukuna?

Dakta Ummu Yasir (Madina):
A'a Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. A nan ni da Dakta Abu Hanan bakinmu ɗaya. FIT in ya nuna jini, ba a maimaita shi, minzar ake tafiya. Tsiro yau ya yi jini gobe ya ɗauke, to gwaji na biyu da ya fito fes bai wanke na farko ba. Kuma basir ba ya hana tsiro zama a sama da shi. Mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun.

Kada kuma a firgita. Cikin mutum 10 da FIT ya nuna musu jini, wanda ake samu da sankara bai kai ɗaya ba. Da yawa tsiro ne ake cirewa a sallame su. Amma a yi cikin 'yan makonni ko wata biyu zuwa uku. Wani babban bincike na Kalifoniya a 2017 ya nuna waɗanda suka ja har wata 10 zuwa sama an fi samunsu da cutar, kuma ta fi nisa.

Dakta Abu Mus'ab (tiyata, Ɗa'if):
A raba abu biyu, don ana cakuɗa su. Duk zancen 45 da FIT na wanda ba ya jin komai ne. Mai ganin jini a bayan gida, mai ƙarancin jini irin na rashin sinadarin ƙarfe ba tare da dalili ba (musamman namiji, ko macen da al'ada ta ɗauke mata), wanda bayan gidansa ya sauya makonni ya ƙi komawa, mai rama ba gaira ba dalili, wannan mara lafiya ne, ko shekararsa 30. Likita zai gani, ba layin gwajin masu lafiya zai bi ba.

'Yan'uwanmu da suka taso a Sudan, Jazira da Sinnar da Mai Wurno da sauran wuraren noman rani, su gaya wa likita sun yi wanka ko aiki a ruwan magudana. Bilhariziya ta hanji tana kawo jini, tana kuma fitar da tsiro irin na kumburi. Sai an ɗebi nama an duba a madubin gwaji ake ganin ƙwan tsutsar. Amiba ma tana kawo jini da majina. Amma abin da ke cutar da mutane shi ne akasin haka: ɗan shekara 50 ya sha maganin amiba zagaye huɗu, jini bai tsaya ba, ba wanda ya leƙa.

Gwajin jinin nan na CEA da ake sakawa cikin kunshin gwaje-gwaje na wasu asibitocin kuɗi ba gwajin gano cutar ba ne. Aikinsa bin diddigin wanda aka riga aka yi wa magani. Yana iya fitowa daidai ga mai sankara, yana iya hawa ga mai shan taba.

Sista Ummu Rayyan (sashen minzar, Riyad):
Likitoci sun yi nasu, ga inda aikin minzar yake lalacewa: wankin ciki kafin a shiga. Kyamara ba ta gani ta cikin kashi. Hanjin da bai wanku ba, likita ko wane gwani ne zai wuce tsiro, musamman shimfiɗaɗɗun nan na ɓangaren dama da ke kwance kamar tabo. Sai a ce ka dawo cikin shekara guda, ka sake shan maganin wankin daga farko.

Kwana uku kafin ranar, a ajiye duk abin da ke da ƙwaya ko ɓawo ko zare. A abincinmu: dabino, ful, adas, wake, shurbar alkama, burodi mai ruwan ƙasa, tamis mai riɗi, habbatus sauda, gyaɗa, ƙuli, tsire da yajinsa, zogale, kuɓewa, miyar kuka, salak, tumatir, gwaiba, rumman, kankana, fura da dambu. 'Ya'yan riɗi da na gwaiba suna toshe kafar da ake zuƙe ruwa da ita, a tsaya ana wanke na'ura mutum na kwance. Abin da za a ci: farar shinkafa, farin burodi, taliya, ƙwai, kaza ko kifi ba fata, dankali a fere, laban.

Ranar jajibiri, bayan karin kumallo mara nauyi (wasu sassan ma ba sa yarda da shi, a bi takardar da aka bayar), sai ruwa mai haske kawai, wanda in ka zuba a gilashi za ka hango yatsanka ta ciki. Ruwa, shayi ko gahawa ba madara, romo tatacce, ruwan tuffa, lemon kwalba fari. Ban da ja da shuɗi-shuɗi: zoɓo ko karkade, Vimto, jar sobiya. Suna rina bangon hanji su yi kama da jini.

Maganin wankin kansa a raba shi biyu, wannan ne ya fi komai. Misali mai lita 4 da ake kira PEG, mau'idi ƙarfe 10 na safe. Lita 2 daga 6 zuwa 8 na yamma, kofi ɗaya mai mililita 250 duk minti 10 zuwa 15. Sauran lita 2 a fara wajen 5 na asuba a gama kafin 7. Daga 8 ba abin da zai shiga baki. Dalili shi ne cikin dare ƙaramin hanji yana ci gaba da turo majina da ruwan ɗaci zuwa ɓangaren dama. Wanda ya shanye duka da daddare ya kwanta, kafin safiya wurin ya sake rufewa. Mai zuwa daga Makka zuwa Jidda ya matso da kason asuba baya da awa guda saboda hanya.

Alamar ya yi: abin da ke fita ya zama ruwa rawaya garau kamar fitsari, ba gudaji. In har yanzu ruwan ƙasa ne mai kauri, a faɗa wa nas tun a ƙofa.

In zuciya na tashi, a tsaya rabin awa a ci gaba a hankali. A sanyaya shi, a sha da tsinken shan lemo, a tsotsi lemon tsami tsakani. A shafa man Vaseline a dubura tun kafin zawon ya fara, a riƙa tsarki da ruwa, ban da gogar takarda.

Dakta Abu Hanan (Jidda):
Sista, gyara ɗaya. Ka'idar Turai ta 2019 ta ce yini ɗaya na abinci mara zare ya wadatar ga yawancin mutane. Kwana ukun yana sa wasu su gaji tun ba a fara ba.

Sista Ummu Rayyan (sashen minzar, Riyad):
Na sani Dakta, ga mai cin burodi da cuku. Wanda ya cika ciki da ful da safe, dabino da la'asar, tuwo da miyar kuka da dare, yini ɗaya ba ya isar sa. Ko a takarda, mai taurin bayan gida, mai ciwon suga, mai shan magungunan da ke ɗaure ciki, da wanda wankinsa na baya bai yi ba, ana tsawaita musu. Aƙalla masu ƙwaya a bar su kwana uku, sauran a sassauta.

Baba Alhaji (Hindawiyya):
To sanamaki fa, filasko namu? Yana wanke ciki tas, kuma ba lita huɗu.

Abu Fawwaz (saidaliyya, wato kantin magani, Makka):
Baba, sanamaki yana tura hanji ne ya fitar da abin da ke ciki, ba ya ɗauraye bango. Bambancin shara da wanke daɓe kenan. Ga murɗa, kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da aka dafa a tukunya. Masu shansa kullum ma bangon hanjinsu yana yin duhu, likita na shiga zai gane.

In lita 4 ce matsalar, akwai ƙanana. Moviprep lita 2 ne, kowace lita a bi ta da rabin lita na ruwa. Picoprep ƙulli biyu ne, kowanne a kofi ɗaya, amma sai an bi su da ruwa mai haske kamar lita 2 gaba ɗaya. Wanda ya sha kofin ya ƙi ruwan, bai wanku ba, ga bushewar jiki. Sai dai ba kowa suke yi wa ba. Picoprep yana da sinadarin magniziyam, mai ciwon ƙoda mai tsanani ba ya sha. Moviprep da Plenvu suna ɗauke da bitamin C mai yawa, mai ƙarancin G6PD, wanda ake kira anemiyar ful a nan kuma yana da yawa a jininmu, ya faɗa kafin a rubuta masa. Mai raunin zuciya ko ƙoda, PEG zalla aka fi natsuwa da shi. Mai sikila kada a bar jikinsa ya bushe ko kaɗan.

Yanzu magungunan yau da kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya: a kwashe su duka a leda a kai wa likita aƙalla kwana 10 kafin mau'idi.

Ƙwayar ƙarin jini ta ƙarfe a tsayar mako guda, tana mayar da bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta. Asfirin yawanci ana ci gaba da shi. Sai magungunan tsinka jini: Warfarin ana tsayarwa kwana 5 a duba INR, wato awon tsinkewar jini, amma mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya akan maye masa da allurar heparin. Plavix kwana 5 zuwa 7, kuma wanda aka sa wa 'yar raga a jijiyar zuciya ba ya taɓa shi sai likitan zuciya ya yarda, don jijiyar na iya toshewa. Xarelto da Eliquis kwana biyu zuwa uku, ya danganta da ƙoda. Ba ɗaya daga cikinsu da mutum zai tsayar don ya karanta a nan.

Masu suga su nemi mau'idin farko da safe. Jardiance da Forxiga a tsayar kwana 3, don in suka haɗu da yunwa suna iya jawo tsamin jini mai haɗari alhali awon suga na nuna daidai. Diamicron da irinsa ba a sha ranar da ba a cin abinci, suga zai faɗi. Insulin mai dogon aiki ragewa ake yi, ba a yanke shi gaba ɗaya. A riƙa awo duk 'yan awanni, a ajiye ruwan tuffa kusa. Masu allurar Ozempic ko Mounjaro su faɗa, tana sa abinci ya daɗe a tumbi.

Na ƙarshe, duk ƙwayar da aka haɗiya cikin awa guda da fara maganin wankin tana iya wucewa ba ta narke ba. Har da ta tsarin iyali. Mata su kula da wannan.

Abu Muhannad (sashen banju, wato allurar barci, Jidda):
Tambayar da ake jin kunyar yi: da zafi? Yawanci ana ba da midazolam da fentanil ta jijiya, mutum yana gyangyaɗi, sau da yawa ba ya tuna komai. Ko a ba da firofofol, barci ne sosai, kuma ana farkawa da wuri. Akwai masu yi ba allura ko ɗaya su tashi su tafi aiki, amma ban ba da shawarar haka ga wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki ko mahaifa ba, hanji kan manne ya yi wuyar bi. Aikin minti 20 zuwa 45 ne. Ana hura iska don hanji ya buɗe. Inda ake amfani da iskar kabon, kumburin ciki yana saurin sauka.

Mai munshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, da mai ƙiba sosai, su faɗa tun farko. Wanda aka yi wa allura ba ya tuƙi sai bayan awa 24, kuma sai da ɗan rakiya baligi, ko yana jin kansa garau.

Batun sutura, ana ba da gajeren wando mai 'yar tsaga a baya, mutum ya kwanta a gefen hagu a lulluɓe. Mace tana iya neman likita mace, amma a nema tun ranar yanka mau'idi.

Dakta Abu Mus'ab (tiyata, Ɗa'if):
A faɗi haɗarin ma, tunda mai lafiya ake kira. A alƙaluman da kwamitin Amurka ya tattara a 2021, hujewar hanji kusan 3 ce cikin 10,000, zubar jini mai yawa kusan 15 cikin 10,000, kuma mafi yawa inda aka cire babban tsiro. Jinin yana iya jinkirta har kwana 14, lokacin da ɓawon gyambon ya faɗi. Ɗan ɗigo a rana ta farko ba komai. Gudan jini da ke maimaituwa, jiri, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya ƙame, zazzaɓi: sashen gaggawa nan take, ko a kira motar asibiti a 997, a tafi da rahoton minzar a hannu.

Don haka kada a sa mau'idi ana saura kwana uku a hau jirgin Kano ko Fot Sudan, ko a fita aikin Hajji. A bar mako biyu tsakani.

Abu Sadiƙ (Makka):
Ramadan fa? Ana yawan tambaya.

Sista Ummu Rayyan (sashen minzar, Riyad):
Hukuncin na malamai ne. Ta fuskar aiki, kason asuba da ruwan da ke binsa da allurar jijiya ba sa tafiya da azumi. Mai gwajin lafiya kawai ya sa a Sha'aban ko Shawwal. Mai jini ko wanda FIT ya nuna masa jini, kada ya ɗage wata guda a kan ra'ayin kansa, ya haɗa likita da malami.

Masu iƙama, ku tabbata muwafaƙar ta'amin (amincewar kamfanin inshora) ta fito kafin ku buɗe ƙullin farko na maganin wanki, kuma ku tambaya ko ta haɗa da cire tsiro da gwajin nama da banju. 'Yan ƙasa ta cibiyar unguwa ake farawa, ana yanka mau'idi a manhajar Sehhaty, daga can a yi tahawili, wato a tura mutum babban asibiti.

Dakta Abu Hanan (Jidda):
Wani abu da nake so kowa ya koya: karanta rahoton. Hajiya Dakta ta kawo NordICC, to ingancin mai riƙe na'urar ma yana cikin lissafi. Binciken 2014 a Amurka ya nuna duk ƙarin kashi 1 a yawan adinomar da likita ke ganowa yana tafiya da ragin kashi 3 na sankarar da ke ɓullowa bayan gwaji. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita a mutum nawa cikin ɗari da ya duba yake samun adinoma. An daɗe ana cewa kada ya gaza kashi 25, a 2024 ƙungiyoyin Amurka suka ɗaga zuwa 35.

A rahoton ka nemi ko an kai tushen hanji, da hotonsa. Ka nemi makin tsabta na Boston: kashi uku ne na hanji, kowanne 0 zuwa 3, jimla 9. Ana son 6 zuwa sama, kuma kada wani kashi ya gaza 2. Ka nemi lokacin fitowa, don a fitowa ake dubawa, ba a shiga ba. Ƙasa da minti 6 gaggawa ce, yanzu ma 8 ake so.

In an cire tsiro, sakamakon nama ne ke yanke ranar dawowa, ba abin da aka faɗa maka kana cikin mayen allura ba. A ka'idar Amurka ta 2020, adinoma 1 ko 2 ƙasa da milimita 10, shekara 7 zuwa 10. Uku ko huɗu, shekara 3 zuwa 5. Biyar zuwa goma, ko ɗaya da ta kai milimita 10, ko mai mummunan sauyi, shekara 3. Sama da goma, shekara guda. Babba mai milimita 20 da aka cire gutsure-gutsure, a leƙa tabon bayan wata 6.

Dakta Ummu Yasir (Madina):
Turai kuma a 2020 ɗin suka ce ƙananan adinoma har huɗu marasa mummunan sauyi ba sa bukatar bibiya ta musamman, mutum ya koma layin kowa. Na kawo ne don wanda likitoci biyu suka ba shi rana biyu kada ya ce ɗaya bai iya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa mai hanji fes, ba tarihin gida, ya dawo duk shekara biyu. Wannan ciniki ne. Kuma wanda ya yi minzar mai kyau ba ya bukatar FIT a tsakani. Ta fuskar yawan shekaru kuma, tsakanin 70 da 75 ake fara tunanin tsayawa, gwargwadon ƙarfin mutum.

Dakta Abu Mus'ab (tiyata, Ɗa'if):
Tarihin gida shi ne inda muke da rauni, don mu ba a faɗin sunan cuta. "Ciwon ciki ne ya tafi da shi", shi kenan. A tambayi manya: an yi masa aiki? An fitar masa da jaka a ciki? Shekararsa nawa? In uwa, uba, ɗa, ko wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya ya kamu kafin 60, ko mutum biyu daga cikinsu a kowace shekara, minzar ake fara maka a 40, ko shekara 10 kafin shekarun da mafi ƙanƙantarsu ya kamu, wanda ya riga zuwa, a maimaita duk shekara 5. Uba ya kamu a 44, ɗa ya fara a 34. FIT ba na irin waɗannan ba ne.

Gidan da sankarar hanji da ta mahaifa ke bin zuriya tun da ƙuruciya, a nemi gwajin gado na cutar Linch. Su daga 20 zuwa 25 ake farawa, duk shekara ɗaya ko biyu. Mai gyambon hanji na dindindin kuma, bayan shekara 8 da farawa.

Baba Alhaji (Hindawiyya):
Dakta, 'yan uba fa? Gidajenmu ɗaki huɗu ne.

Dakta Abu Mus'ab (tiyata, Ɗa'if):
Tambaya mai kyau, Baba. Ɗan uba ko ɗan uwa da kuka haɗa ɓangare ɗaya, a lissafin gado yana sahu na biyu, tare da kaka da kawu da gwaggo. Shi kaɗai ba ya sauko da kai zuwa 40. Amma in 'yan ɗakuna biyu daban suka kamu, ido ya koma kan uban da zuriyarsa, a zana wa likita gidan gaba ɗaya.

Malam Tijjani (ɗakin tahalil, Dammam):
Sista, ana tambaya ta gefe: bayan an gama, yaushe za a ci abinci, kuma me ya sa kwana biyu ba bayan gida?

Sista Ummu Rayyan (sashen minzar, Riyad):
Da ya farka sosai ya sha ruwa bai ƙware ba, sai ya ci abu mara nauyi, shayi da burodi ko kunu. Mandi ya jira dare ko gobe. Iskar da aka hura kada a riƙe ta don kunya, a tashi a taka, a sake ta. Bayan gida kuwa yana iya kai kwana biyu ko uku bai zo ba, hanjin ne babu komai a ciki, kada a sha maganin zawo. Masu maganin tsinka jini kada su fita sai an rubuta musu a takarda ranar da za su koma sha, kuma a karɓi lambar da za a bi sakamakon nama, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.